Jawabi A Kan Waɗanda Suka Tafi Bama Ba Su Komo Ba

 

Kowace shekara ran 15 ga Janairu a kan taru don tunawa da sojan Nijeriya da suka faɗi a fagen fama. Dā ran 11 ga Nuwamba a ke yi, watau ranar da aka tsai da wuta a Yaƙin Jamus cikin 1918, amma bayan da yaƙin basasa ya ƙare ran 15 ga Janairu 1970 sai aka mai da bikin can. A kan busa bigila, a yi tsit, a ajiye furanni, kowa ya kama gabansa. To, akwai wurin da yaƙi ya kan daɗe bai ƙare ba, shi ne zauren alkali, inda matar soja da 'ya'yansa da 'yan'uwansa ke zuwa su tambayi abin da shari'a ta ce game da mutumin da ba wanda ya ga gawarsa.

Cikin Yaƙin Hitila an kwashi samari daga birane da ƙauyukan ƙasar nan. Na farko suka yi Afirka ta Gabas, suka shiga Mugadishu cikin Fabrairu 1941, suka bi Italiyawa har Harar ta ƙasar Habasha. Daga baya aka haɗa runduna biyu na sojan Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka haye teku da su zuwa Indiya, daga nan sai Bama, ƙasar da aka sake wa suna Miyanma a 1989. Runduna ta 81 ta gangara kwarin Kaladan a farkon 1944, cikin kurmi da duwatsu inda mota ba ta bi, jirgin sama ke jefo musu abinci da harsashi, sojan dako kuwa su ɗauka a ka. Bataliya uku na Nijeriya suka shiga cikin mayaƙan Chindit, aka sauke su a bayan Jafanawa. Cikin Janairu 1945 rundunonin biyu suka ci Myohaung. Wanda ya wuce barikin Dalet a Kaduna, ko na Chindit a Zariya, ko na Dodan a Ikko, sunayen Bama ya ke karantawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Wahalar farko ta suna ce. Akawun soja ya kan rubuta sunan yanka, sa'an nan ya liƙa masa sunan gari: Wane Kano, Wane Sakkwato, Wane Bauci. Sau da yawa ba sunan uba, ba na ƙauye. Lamba ce kaɗai ta raba shi da masu irin sunansa. In ya mutu takarda ta kan zo ta hannun Razdan, ta bi hakimi, ta bi dagaci, kuma ba kullum ta ke samun ƙofar da ta dace ba.

Wanda aka tabbatar da mutuwarsa, nasa da sauƙi, ko da ya ke da zafi. Matarsa ta yi takaba wata 4 da kwana 10, a raba gādo, ta sami tumuni in akwai ɗa, rubu'i in babu. Malikiyya ma sun yarda da shaidar ji a kan mutuwa, watau labarin da ya bazu a bakin mutanen kirki. Wanda aka ce ya ɓace shi ne abin kuka. Matarsa ba gwauruwa ba ce, ba kuwa mai miji a ɗaki ba. A littafin Risala, matar ɓatacce ta kai ƙara, a bincika, in ba labari a yanka mata shekara 4, kāna ta yi idda irin ta mamaci, sa'an nan aure ya halatta gare ta. Littattafan da suka fi faɗi sun rarraba ɓatattu aji aji, wanda ya ɓace a tsakiyar yaƙi da hukuncinsa, wanda ya ɓace a ƙasar da ba ta Musulmi ba da nasa. Amma malaman da suka rubuta su ba su hango Bahaushe cikin kakin Sarkin Ingila yana faɗa da Jafanawa a bayan teku ba. Sai alkali ya auna da kansa, ga yarinya durƙushe gabansa da goyo, ga surukinta na cewa ɗansa na nan da rai.

Kada kuwa a ce tsohon ya cika taurin kai. Ɓatattu su kan komo. Wani soja Bayarabe daga wajen Owo, Isaac Fadoyebo, an harbe shi a bakin kogin Kaladan cikin Maris 1944, aka bar shi cikin matattu. Wani manomi Musulmi na ƙauyen wurin ya ɓoye shi, shi da wani sojan Saliyo, ya ciyad da su wajen wata 9, a kan ransa in Jafanawa sun gane. Da ya iso gida, mutanen garinsu sun riga sun fid da rai da shi. Irin wannan komowa ce shari'a ke tsoro, shi ya sa ta ke jinkiri. In ɓatacce ya komo ya tarad da matarsa an ɗaura mata aure amma ba ta tare ba, tasa ce. In sabon miji ya riga ya tare da ita, ta kuɓuce masa.

Dukiya ta fi mata daɗewa a ɗaure. Ba a raba gādon ɓatacce sai shekarun da irinsa ba ya wucewa sun cika, abin da malamai suka ƙiyasta da 70, waɗansu suka kai shi 80. A lissafta: saurayin da ya tafi yana da shekara 20 cikin 1943, in ba alkalin da ya hukunta mutuwarsa da wata hujja, sai 1993 gonarsa za ta zama ta magada. Kafin nan ɗan da ya bari a goye ya yi furfura. Gona kuwa ba ta zama banza. Ƙane ya noma ta aro, ɗan ƙane ya tashi ya tarar ubansa na nomanta, sai aro ya rikiɗe ya zama mallaka a bakin mutane, shaidun asali duk sun kwanta dama.

Akwai kuma wadda ta fi wannan ciwo, ba a cika ambatonta ba. Sojan da ya mutu a Kaladan yawanci ubansa na da rai, cikin gandun uban ya ke noma, ba shi da kome nasa sai 'yar gayauna. Ran da tsohon ya rasu, 'ya'yansa maza da ke raye su ke tare gādon, 'ya'yan wanda ya riga shi mutuwa ba su da rabo, gama ɗa yana kange jika. Harsashi guda ke nan ya kashe uba, ya kuma fid da zuriyarsa daga gonar kakansu. Shari'a ta bar ƙofa, kaka na iya ba su kyauta tun yana da rai, ko ya yi musu wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba. Tsofaffi masu hangen nesa sun yi. Waɗanda suka ce ai baffansu ba zai yashe su ba, wani baffan ya cika alkawari, wani kuwa sai a kotu.

Su matattun, sunayensu na nesa. A maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Yangon, akwai ginshiƙai da aka sassaƙa sunayen soja kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, da 'yan Nijeriya a ciki. Na Yaƙin Jamus ma da yawa ba su sami ko wannan ba: cikin 2021 hukumar da ke kula da kaburburan ta yarda cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu na Afirka ta Gabas da Masar, ba a rubuta sunayensu ba. Littafin hukumar yanzu yana kan intanet, ana nema da suna ko da lamba. Saboda haka gidan da ke da tsohuwar takardar soja a ƙasan adaka, ko lambar girma mai rubutu a gefe, kada a bar wa gara da tsatsa. A kwafe lambar, a rubuta sunan uba da na ƙauye kusa da ita, a ba babban jika ya ajiye.

Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta. Amin.