Ƙungiyar 'Yan Kasuwa Makaranta Ce



A zamanin fatauci, Fagge zango ce ta ayarin da ke sauka a bayan ganuwar Kano. Cikin ayari yaro yake koyon sana'a. Madugu ya nuna masa hanya, fatoma ya koya masa riƙon amana, dillali kuwa ya koya masa ciniki. Marigayi Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara kafin ya shahara da gyaɗa. Haka nan a Sabon Gari, 'yan'uwanmu Ibo sukan horar da yaro shekaru a kanti, sa'an nan maigida ya sallame shi da jari.

To, jama'a, kasuwar yau tana bukatar ilmin da maigida shi kaɗai ba zai iya bayarwa ba. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta nuna mana amfanin inshora da ajiye littafin bashi a wajen rumfa. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya nuna cewa wanda bai iya karɓar kuɗi ta banki ba yakan wuni babu ciniki. Wa zai koyar da waɗannan in ba ƙungiya ba? Aikinta bai tsaya ga adashi da sasanta rikici ba.

Saboda haka ina roƙonku, in an yi hutu mu shiga Kantin Kwari, mu koyar da lissafin kanti, su kuma su koya mana ciniki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.