Maganin da Ba Shi da Isnadi: Lacca a Kan Kula da Ƙafa

Ya ku malamai da iyaye da shugabanni da ɗalibai da kuka halarci wannan majalisi a garin Filinge, ina neman aron hankalinku a kan wata mas'ala wadda take ƙarama a baki, amma babba a aƙiba.

Sanin kowa ne cewa mutumin wannan ƙasa ta Kurfai, ko manomin gero ne a Shikal, ko makiyayi a wajen Tukunus, ko mai fatauci tsakanin Bonkuku da Yamai, da ƙafa yake neman halaliyarsa. Kuma idan hunturu ya busa a wannan kwari na Dallol Boso, kaushi da faso kan tsattsage diddige har mutum ya riƙa taka ƙasa da ɗingishi. A irin wannan hali ne saƙon murya yake shigowa waya ta WhatsApp, ko hoton bidiyo ta Facebook da TikTok, inda wani wanda ba a san sunansa ba, ba a san malaminsa ba, zai yi rantsuwa cewa a daka tafarnuwa a ɗaure a kan miki, ko a jiƙa ƙafa cikin ruwan zafi da kanwa da lemun tsami, ko ruwan jabel na wankin tufa, ko a kankare kaushi da reza a liƙe fason da gam.

Ya ku malamai, ku kuka karantar da mu cewa magabata ba su karɓar hadisi sai sun binciki isnadinsa, sun san wa ya ji daga wa, sun auna adalcin mai ruwaya da ƙarfin kiyayewarsa. To, ta wace hujja al'ummar da ta gaji wannan tsantseni za ta karɓi magani daga bakin majahuli, ta ɗora shi a kan jikin da Allah Ya ba ta amana?

Ga illar a fili. Ɗanyar tafarnuwa, idan ta kwana ɗaure a kan fata, tana ƙona ta har ta yi bororo. Kanwa da jabel suna cin fata. Reza tana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, har da na tetanus mai sandarar da jiki, waɗanda ke zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. Gam kuwa rufe datti yake yi a cikin rauni, sai ya ruɓe daga ciki.

Hatsarin ya fi tsanani ga mai ciwon sukari, domin cutar, idan ta daɗe, tana kashe jijiyoyin ji kuma tana rage gudun jini zuwa ƙafa. Sai ka ga dattijo ya tsoma ƙafarsa cikin ruwan da zai iya saɓule fata, yana hira abinsa, ko ya wuni da ƙaya a tafin ƙafa, bai sani ba sai da ya ga jini a takalmi. Likitan nan Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ambaci ruɓewar gaɓa cikin bayanin wannan cuta a littafinsa Alƙanun. A 2021 ƙungiyar duniya mai kula da ciwon sukari ta ƙiyasta cewa manya miliyan 24 ne ke ɗauke da shi a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Mafi yawan ƙafafun da likitoci ke yankewa saboda wannan ciwo, da ɗan ƙaramin miki suka fara.

Alhamdu lillahi, addininmu ya sauƙaƙa mana riga-kafi, domin mai alwala yana wanke ƙafarsa yana tsettsefe yatsunta a kowace rana. Abin da ya rage shi ne ya duba da idon basira, ya tsane tsakanin yatsu, ya shafa man kaɗe ko baslin a diddige ban da tsakanin yatsun, ya gwada zafin ruwa da gwiwar hannu, ya zazzage takalmi kafin ya sa, kuma ya daina yawo ba takalmi. Wanda ganinsa ya raunana, ɗansa ko jikansa ya duba masa. In an ga kumburi, ko ja, ko wari, ko baƙi a yatsa, ko mikin da ya ƙi warkewa, to a nufi asibiti mafi kusa a ranar, kada a jira ranar kasuwa.

Ina roƙon limamai su faɗi wannan a kan mumbari, ina roƙon matasa, waɗanda wayar take hannunsu, kada su tura wa iyayensu maganin da ba su san asalinsa ba. Wanda kuma bai taɓa auna sukarin jininsa ba, ya je ya auna. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.