Ku Bar Su Har Ranar Girbi

Karatunmu na yau yana cikin Matiyu sura 13, aya 24 zuwa 30. Magabci ya shuka ciyawa a gonar alkama, bayi suka so su tumɓuke ta, amma maigida ya hana, don kada su haɗa da alkama. Rarrabewa sai ranar girbi.

Ikkilisiya ta daɗe kafin ta gane wannan. A shekarar 1527, a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, hukuma ta nutsar da Felix Manz a kogi domin ya koyar cewa sai wanda ya ba da gaskiya da kansa za a yi wa baftisma. Waɗanda suka kashe shi ma masu karanta Littafi Mai Tsarki ne. A 1612 Thomas Helwys, ɗaya daga cikin kakannin 'yan Baftis, ya rubuta wa sarkin Ingila cewa sarki ba shi da iko a kan ran mutum, ko Kirista ne, ko Bayahude, ko Musulmi. A kurkuku ya mutu. A Amurka kuma, waɗanda suka gudu daga tsanani a Ingila su ne suka kori Roger Williams daga Masacusets a 1635. Sai ya kafa garin Providence a 1636, inda ba a hukunta kowa saboda addininsa.

'Yan'uwa, mu ma mun san zafin wannan magana. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris 1987 ya bazu har Zariya da Kaduna, aka ƙone majami'u da masallatai. Zangon Kataf ta biyo baya a 1992. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin sauya shi. Amma takarda ba ta kare maƙwabci, sai mutane sun tsaya.

Helwys bai roƙa wa kansa kaɗai ba. In muna neman filin gina majami'a a inda muke 'yan tsiraru, mu bar Musulmin da ke tsakaninmu ya yi sallarsa lafiya. Mu yi shelar bishara da baki da kuma hali, domin bangaskiyar dole ba bangaskiya ba ce. Shari'a ta Maigona ce.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba mu haƙurin jiran girbinka, ka kiyaye ƙasarmu da salama. A cikin sunan Yesu, amin.