Jawabin 'Yan Ajin Yaƙi da Jahilci a Bikin Cikar Shekarar Ƙungiya

Hajiya shugaba, iyayenmu, 'yan uwa mata, da mazajenmu da suka bar mu muka fito, sannunku da zuwa.

Mu 'yan ajin yamma aka ce mu yi magana a kan aikin sa kai. To, gaskiya ba niyyar lada ce ta fara kai mu ba, kunya ce. Lokacin rigakafin shan inna, mai unguwa ya nemi matan da za su raka ma'aikatan lafiya gida-gida, tunda namiji ba ya shiga gidan matan aure. Shugaba ta kira sunayenmu a gaban jama'a. Wa zai ce a'a?

Kun san halinmu a kasuwar Daura: a faɗa mana ɗaya, mu mayar da goma. Amma a gidan mutane, in ka mayar da magana, yaro ne zai rasa ɗigon nan biyu. Dole muka koyi zama a tabarma, mu gaisa, mu saurari abin da uwa take tsoro, in ta ƙi mu dawo gobe. Akwai gidan da sai a zuwa na huɗu aka miƙo mana jariri. Da aka sanar a 2020 cewa Afirka ta rabu da cutar mai yaɗuwa da kanta, wallahi wasunmu har da hawaye.

Abin da ya fi ci mana rai kuwa shi ne allin nan da ake rubutu da shi a bangon gida. Mu ne muka shawo kan masu gida, amma ba mu iya karanta abin da aka rubuta ba. Wannan ne ya kai mu aji, da furfurarmu. Yau mu ke riƙe da littafin adashi, kuma ko sisi bai taɓa ɓata ba.

Ba kyauta muka samu ba fa. Lahadi nawa muka rasa cinikin kasuwar Mai'adua, maigida yana ƙorafi, kuma da gaskiyarsa.

Yanzu ga buƙatarmu. Malamarmu, wadda ba ta taɓa karɓar ko kwabo ba, za ta tare a Zango bayan Sallah. In ba a samu madadinta ba, ajin zai rufe. 'Ya'yanmu mata da suka gama sakandare, muna neman biyu a cikinku, Asabar da Talata bayan La'asar. Mai so ta ga sakatariya kafin a raba abinci.