Jawabin Ofishin Magatakarda a Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya



Mai girma shugaba, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, shugabannin rassa na Maraɗi da Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, muna yi muku barka da zuwa. An ba ofishin magatakarda 'yan mintoci, kuma magana ɗaya muka zo da ita: yadda labari yake tafiya a tsakaninmu.

Kowa ya san abin da muka gani a 'yan shekarun nan. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, sai a Disambar 2020 aka fara buɗe wasu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa, har zuwa Maris 2024. Rufewa da buɗewa ba a hannunmu suke ba. Abin da ke hannunmu shi ne labarin da muke isar wa junanmu, kuma a nan mun yi sake.

Ku tuna Maris ɗin 2024. Najeriya ce ta fara buɗe nata ɓangaren, Nijar ba ta buɗe ba sai bayan wasu kwanaki. Amma saƙon murya ya zagaya WhatsApp cewa "an buɗe boda". Ɗaya daga cikinmu ya yi lodin albasa a daren, motar ta je ta tsaya a rana, kuɗin mota yana hawa, kaya yana lalacewa. Wanda ya tura saƙon bai yi ƙarya ba, rabin labarin ya sani. Mu kuma da ke ofis mun yi shiru muna jiran takarda. Wannan laifin namu ne, mun karɓa.

Na biyu, maganar harshe. Takardar duwan da Faransanci take zuwa, ta kwastan da Turanci, alhali da yawanmu ba ma karanta ko ɗaya. A cikinmu akwai Zabarmawa, Fulani, Buzaye, Yarbawa da Ibo, Musulmi da Kirista. Ko Hausar ma sai an kula. A Maraɗi idan aka ce jika, sefa 1,000 ake nufi, a Katsina kuwa jaka naira 200 ce. Dala ashirin a bakin ɗan Nijar sefa 100 ce. Sau nawa muka zauna sulhu a kan cinikin da kowa ya ce "na yarda", alhali lissafi biyu ne a zukatansu?

Haka a wurin taro. Mutum ya yi shiru mu ɗauka ya amince, ashe bai fahimta ba ne, kunyar tambaya yake ji. Ranar karɓar kuɗin ƙungiya sai ya ce ba a gaya masa ba. Kafin a ankara magana ta koma "'yan wancan ɓangaren sun ware mu". Wannan ya fi asarar albasa ciwo, domin idan zargi ya shiga tsakanin ƙabilu, wuyar fita gare shi.

Saboda haka kwamiti ya amince da abubuwa huɗu:

1. Labarin boda, haraji ko sabuwar doka zai fito ne daga ofis, bayan wakilanmu na ɓangarorin biyu sun gani da idonsu. Idan ba mu tabbatar ba, za mu faɗa muku hakan a ranar, ba za mu yi shiru ba.
2. Kowace sanarwa za ta fita a rubuce da kuma saƙon murya, da kwanan wata a farkonta.
3. Kowane reshe ya ba mu sunan tafinta, kuma iyayenmu mata su zaɓi tasu wakiliya.
4. A duk yarjejeniyar ciniki a rubuta kuɗi da lamba, a ambaci sefa ne ko naira.

Roƙonmu gare ku: saƙon da ba ku san tushensa ba, ku kira ofis kafin ku tura wa wani. Magana zarar bunu ce.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya sa albarka a kasuwa, ya mai da kowa gida lafiya.

Wassalamu alaikum.