Tuntuɓen Alƙalami a Takardar Tara: Yana Soke Laifi?

Shugabannin ƙungiyar direbobi, malamai, iyayena da 'yan'uwana mutanen Damagum da sauran ƙasar Fune, ina gaishe ku da zuwa.

Duk wanda ke bin titin nan da ya taso daga Potiskum ya ratsa garinmu ya nufi Damaturu ya san yadda abin yake. Jami'in kiyaye haɗurra ya ɗaga hannu, ka gangara gefe, ya karɓi lasin, ya ɗora littafinsa a kan bonet yana rubutu, rana na dukansa, tireloli na wucewa da ƙura. A irin wannan hali ne Muhammadu ke komawa Mahmuda, lamba 5 ta koma harafin S, sifili ya zama O. Direba ya isa tasha ya nuna takardar, 'yan kamasho su duba su ce masa: "Ai ka sha, wannan takarda ta mutu." Wannan fatawar ta tasha ita na zo in warware, domin ta jefa mutane da yawa cikin wahalar da ta fi tarar kanta.

Takardar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ke bayarwa ba hukunci ba ce. Sanarwa ce cewa ana zarginka da laifi kaza. Hukumar, wadda aka kafa a 1988 kuma take aiki da dokar 2007, tana ba ka zaɓi biyu: ka biya abin da doka ta yanka, kamar naira 2,000 na rashin ɗaura bel ko 4,000 na amsa waya kana tuƙi, ko kuwa ka ƙi, a kai ka gaban majistare. Laifin yana kan titi, a idon jami'in da ya gan ka. Takarda labarinsa kawai take ɗauke da shi.

To me kotu ke yi idan labarin ya zo da kuskure? Tsohon kundin tsarin shari'ar laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya yi magana a sashe na 206, dokar tarayya ta 2015 kuma ta maimaita ma'anar a sashe na 220. Abin da suke cewa shi ne, kuskure ko tsallake wani bayani a cikin tuhuma ba ya da nauyi sai idan ya ruɗar da wanda ake tuhuma. Har ma an ba kotu ikon gyara tuhuma kafin yanke hukunci. Idan tuhumar da lauyoyi suka zauna suka tsara ana iya gyara ta, ina ga takardar da aka rubuta a tsaye a bakin hanya? Majistare zai tambaye ka: kai ne aka tsayar? Motarka ce? Ka san abin da aka ce ka yi? In amsar e ce, harafin da aka juya a sunanka ba zai fitar da kai ba.

Amma akwai kuskuren da ba tuntuɓen alƙalami ba ne, kuma a nan nake so mu daɗe. Idan an rubuta lambar wata motar dabam, ba naka ba ne laifin, na wani ne aka rataya maka. Idan an sa ranar da motarka ke gareji ko kana Kano, ranar ta zama hujjarka, sai dai ka zo da shaida. Idan an tsayar da kai kan bel aka yi alama a gurbin lodi fiye da ƙima, tarar ta tashi daga 2,000 zuwa 10,000, kuma an hana ka shirya kare kanka daga abin da ya faru da gaske. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba a hukunta mutum sai kan laifin da doka ta rubuta ta kuma faɗi horonsa, kuma dole a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa dalla-dalla cikin harshen da yake ji.

Wannan na ƙarshe shi ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Takardar da Turanci take, laifuffukan ma da gajerun haruffa aka jera su. Dattijon da ya shekara talatin yana ɗaukar shanu daga kasuwar Potiskum zuwa kudu, ya san kowane rami a hanya, amma ya karɓi takarda bai san me aka ɗora masa ba. Ta yaya zai gane kuskuren da ya ruɗe shi, alhali takardar gaba ɗaya a rufe take gare shi? Muna ta neman kuɓuta ta harafi guda, mun bar babban haƙƙin da tsarin mulki ya ba mu a fili.

Akwai kuma tambayar da ta riga kuskure: wa ya rubuta, kuma doka ta ba shi iko? A Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa jami'an duba lafiyar motoci na birnin tarayya ba su da hurumin kama mota ko cin tara. Hukuncin na Abuja ne, kada wani ya ɗauke shi ya tafi da shi ko'ina, amma ya nuna cewa rashin hurumi na rushe takarda ko da babu ɗigon kuskure a cikinta.

Saboda haka, 'yan'uwa, in an miƙo maka takarda, kada ka cusa ta aljihu cikin fushi. Ka karanta, ko yaron motarka ya karanta maka, tun jami'in na tsaye. Ka duba lamba, rana, wuri da laifin. Ka ɗauki hotonta a waya. In ka ga kuskure ka nemi a gyara nan take, ko ka je ofishinsu. In ka amince da laifin, ka biya ta banki ka riƙe rasit, domin kuɗin na asusun gwamnati ne, ba a biyan su a hannu. Kada kuskuren jami'i ya zama ƙofar cinikin na goro, wannan haramun ne ga mai bayarwa da mai karɓa. In kuwa ka tabbata an zalunce ka, kotu a buɗe take, ko da ta tafi-da-gidanka ce, kuma kana da damar a sa maka tafinta.

Ga shugabannin ƙungiya kuma, ina roƙon ku rubuta wa hukumomin da ke aiki a wannan titi, na tarayya da na jiha, ku nemi kowane jami'i ya riƙa faɗa wa direba laifinsa da adadin tararsa da Hausa kafin ya yage takardar, a kuma liƙa jerin laifuffukan da kuɗinsu da Hausa a tashar Damagum.