Ƙanwata ta ce, "Yaya, ina girkin?"



Yau zan tona wa kaina asiri. Lokacin da na fara rubutu a intanet, na yi wani a kan dambun shinkafa. Kusan kowane layi sai na cusa "yadda ake dambun shinkafa", wai don Google ya ɗaga ni sama. Ƙanwata ta karanta, ta ce, "Yaya, to ina girkin?" Wallahi kunya ta kama ni.

Ashe Google ya daɗe da gano wannan wayon. Tun 2011 ya kawo tsarin Panda don danne rubutu marar amfani, kuma cusa kalma barkatai ya saɓa wa ƙa'idojinsa.

Yanzu ga yadda nake yi. Nakan rubuta "yadda ake" a wurin bincike, in ga abin da Google zai ƙarasa min, don abin da mutane ke nema ke nan. Sai in sa kalmar a kan rubutun da farkonsa. Saura duk amsa ce: shinkafa gwangwani nawa, yaushe ake zuba zogale, minti nawa a madambaci.

Wadda dambunta ya yi daɗi, ita za ta tura wa ƙawayenta a WhatsApp.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.